Jan Biro a Kan Wasiƙar Malam Silas

A shekarar da aka kwashe kujerar mulki daga Legas aka kawo ta Abuja, Malam Silas Yamusa ya cika shekara goma sha biyar yana koyarwa a makarantar firamare ta wani ƙauye da ke bayan Kwali. An ɗauke shi aiki ne tun lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, aka rasa malamai, aka riƙa tara duk wanda ya iya karatu ana ba shi horo na 'yan watanni a tura shi aji. Shi Turanci aka ba shi, saboda yana da murya kuma ba ya jin tsoron buɗe baki. Kafin a jima ya zama shi ne mai Turancin ƙauyen gaba ɗaya. In wasiƙa ta zo daga gwamnati kan maganar gonaki, shi ake kai wa. In za a kai kuka wurin hukuma, shi ke rubutawa. Ko a coci, in baƙo ya zo wanda ba ya jin Gbagyi ko Hausa, Malam Silas ake tsayarwa kusa da shi.

Akwai wani darasi da ya yi suna da shi. A shekararsa ta biyu da fara aiki, wani ɗalibi ya tambaye shi bambancin this da these, da kuma that da those. Littafi ɗaya ne a makarantar, gara ta cinye rabinsa, shi kuma a kunnensa this da these duk abu ɗaya ne. Bai so ya ce bai sani ba a gaban yara arba'in, sai ya ƙirƙiro amsa nan take. Ya ce this na abin da ke kusa ne, these na abin da ke kusa sosai, that na nesa, those kuma na nesa sosai. Amsar ta yi masa daɗi a baki, har ya mayar da ita waƙa. In an ce this yara su taɓa benci, in an ce these su dafa ƙirji, in an ce that su nuna ƙofa, in an ce those su miƙa hannu can wajen dutsen da ke bayan gari. Mata masu wucewa da itace a kafaɗa sukan tsaya bakin taga su saurara. Da shekaru suka tura, shi kansa ya manta cewa shi ya ƙirƙiro abin. Ya ɗauka a wani wuri ya karanta.

Cikin duk ɗaliban da suka bi ta hannunsa, babu wadda yake alfahari da ita kamar Helen, 'yar Larai mai ginin tukwane. Mahaifinta ya rasu tana aji uku, Larai ce ta riƙe ta da tukwanen da take kaiwa bakin titin Lokoja. Da Helen ta gama firamare ba ta samu wucewa sakandare ba. Ta yi shekaru tana taya uwarta haƙo yumɓu, daga baya aka kai ta Gwagwalada ta koyi buga tafireta. Wata goma sha takwas ta yi, ta dawo da satifiket biyu da yatsu masu saurin gaske.

Ana cikin haka labari ya zo cewa wata ma'aikata da ta taso daga Legas tana neman masu buga tafireta, domin da yawa cikin nata sun ƙi biyo ta. An ce za a duba 'yan asalin yankin, amma kowa ya zo da wasiƙar shaida daga wani babba da ya san shi. Larai ba ta yi shawara da kowa ba, ta ɗauki doya uku ta nufi gidan Malam Silas.

Ya zauna a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa ya rubuta wasiƙar da hannu, a tsanake, yana karantawa a fili yana jinjina kai. Hedimasta ya ba da aron tsohuwar tafiretar ofishinsa, Helen ta zauna ta buga. Ta kai layi na biyu sai ta tsaya. Wurin ya ce, I have known these girl for twelve years. A ƙasa kuma ya ce, This certificates are her own.

Ta ɗago kai a hankali ta ce masa a Gwagwalada duk takardun da suke kwafa, ta lura these ba ya zuwa sai da abu mai yawa, this kuma da abu ɗaya. Ko a juya su?

Malam Silas ya yi murmushi irin na wanda ya saba da tambayar yara. Ya ce mata ya zaɓi these ne da gangan, domin wanda zai karanta ya gane cewa ita ba ɗalibar da ya sani daga nesa ba ce, tana kusa da shi sosai. Satifiket kuwa takarda ce kawai, this ya ishe ta.

"Ki buga yadda na rubuta," in ji shi. "Wata goma sha takwas a Gwagwalada ba su kai ki gyara wa malaminki rubutu ba."

Ta ce to, ta buga yadda ya rubuta. Ya sa hannu, hedimasta ya buga hatimi.

Ranar Laraba suka tashi. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci duk da zafin da ake yi, ya ce shi zai raka ta, don ofis irin wannan in ba a ga babba a bayan mutum ba sai a raina shi. Suka hau bas zuwa Gwagwalada, suka sake wata zuwa Garki. A hanya sun yi ta wuce tireloli da suka kwana biyu a kan titi daga Legas, an ɗaure kabad-kabad na ƙarfe da kujeru da igiya, wasu masinjoji na zaune a saman kaya sun naɗe kai da tawul. Malam Silas ya riƙa nuna wa Helen yana cewa ga gwamnati nan da kanta ta zo har ƙofar gidansu.

Ofishin da suka shiga ko gama shirya shi ba a yi ba. Kwalaye ne jibge har kusa da silin, an rubuta lambobi a jikinsu, warin sabon fenti ya cika ko'ina. Shugabar masu buga tafireta wata mace ce mai kimanin shekara hamsin, da tabarau a rataye a wuya, ana ce mata Madam Rosemary. 'Yan mata tara ne suka zo, gurbi biyu ne. Aka shigar da su ciki, aka bar masu rakiya a benci a baranda.

Ta taga yana hango su. An ba kowacce takarda ta kwafa, Madam tana riƙe da agogo. Ya ga Helen ta zare tata daga na'ura tun sauran ba su kai rabi ba. Ya ga Madam ta karɓa ta bi ta da ido daga sama har ƙasa ba ta taɓa ta da biro ba, ta ɗago ta sake duban yarinyar. Ya gyara kwat ɗinsa ya gaya wa mutumin da ke kusa da shi cewa waccan ɗalibarsa ce.

Bayan an gama sai Madam ta ce kowacce ta zaro wasiƙar shaidarta daga ambulan ta miƙo. Da ta zo kan ta Helen ta sa tabarau, ta karanta, ta ɗauki jan biro ta yi zagaye biyu. Ta yi wa Helen wata tambaya, Helen ta nuna baranda. Masinja ya leƙo ya ce ana kiran malamin.

Ya shiga ya gaishe ta da Turanci mai nauyi. Ita kuwa da Hausa ta amsa masa, Hausa tsantsa, domin a Sabon Garin Zariya aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ta miƙo masa wasiƙar ba tare da wani ɗaga murya ba.

"Malam, kai ne ka koya mata Turanci?"

Ya ce shi ne.

"To wannan these girl ɗin fa? 'Yan mata nawa ka kawo mini?"

Wata yarinya daga baya ta toshe baki. Wani akawu da ke kwance igiyar kwali ya miƙe ya leƙo ta kafaɗar Malam, ya karanta a fili, ya ce wa abokinsa da Turancin Legas wai su zo su ga malamin Turancin daji. Malam Silas bai gane mene ne laifin ba tukuna, amma ya gane cewa akwai laifi, kuma kowa a ɗakin ya gan shi sai shi kaɗai. Zufa ta tsattsafo masa a ƙarƙashin kwat. Ya dubi zagayen nan biyu, ya ji bakinsa ya buɗe tun kafin ya yi tunani.

"Madam, ni da hannu na rubuta, kuma daidai na rubuta. Wajen bugawa ne aka ɓata."

Madam ta ce to, ai hakan na faruwa. Sai ta tambaya wa ya buga.

Malam Silas ya sauke ido. Ya tsaya yana duban takardar kamar amsar na jikinta. Ya so ya ce wani mai tafireta ne a tashar Kwali, amma kafin ya haɗa ƙaryar ta biyu, murya ta fito daga gefensa.

"Ni ce, Ma."

Madam ta cire tabarau ta dubi Helen na ɗan lokaci. Ta ce abin ya ba ta mamaki, domin abin da ta kwafa yanzu babu kuskure ko ɗaya. Amma a aikin nan, in ji ta, wadda ba ta san abu ba ana iya koya mata. Wadda za a ba rubutu daidai ta mayar da shi ba daidai ba, ita ce abin tsoro, don wasiƙar da za ta buga sunan oga ne a ƙasanta, ba nata ba. Ta tambaye ta ko tana da abin cewa. Helen ta ce babu. Aka kira sunayen wasu biyu, aka sallami sauran.

A bas ba su yi magana ba. Ita ta riƙe masa jakarsa kamar yadda ta yi da safe, ita ta nema masa wuri kusa da taga. Ya yi ta shirya maganar da zai faɗa mata, in ya kai bakinsa sai ta watse. Ya gaya wa kansa cewa ba sunanta ya kira ba. Ya gaya wa kansa cewa ita yarinya ce, za ta samu wani wuri, shi kuwa in sunansa ya zube babu inda zai tsince shi. Duk da haka bai iya juyowa ya dubi gefenta ba har suka wuce Gwagwalada.

Da suka sauka a bakin hanyar ƙauye, ta buɗe ambulan ɗinta ta zaro wata takarda a ninke, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Malam, ga takardarka. Na manta ban mayar maka ba tun ranar."

Wasiƙar ce da ya rubuta da hannunsa. Ashe tana cikin ambulan ɗin duk tsawon lokacin da suke tsaye gaban Madam, tsakanin satifiket ɗin nan biyu. Ya karɓa ya cusa a aljihu, ya ji kamar ya sa garwashi.

Larai na jiransu a ƙofar gida, ta dafa doya da miyar kaza tun rana. Helen ta gaya mata da Gbagyi cewa ba a ɗauke ta ba, ta yi kuskure wajen buga wasiƙar Malam. Larai ta saki ludayin da ke hannunta. Ta shiga faɗa, tana cewa mutum ya bar aikinsa, ya sa rigarsa mai kyau, ya raka ki har gaban manya, ki sa a yi masa dariya. Ta lissafa mata safiyoyin da ta yi tana ɗaukar randa zuwa titi. Sannan ta juyo ta durƙusa gaban Malam Silas ta ce ya yi haƙuri, yarinya ce, ta kunyata shi. Helen na tsaye kanta a ƙasa. Shi kuma ya ce ba komai, ta tashi. Har abincin ya ci, domin Larai ta rantse ba zai tafi bai ci ba, kuma kowace loma sai da ya tura ta da ruwa.

Washegari 'yan aji huɗu suka tarye shi da waƙar kamar kullum. Da suka zo these suka dafa ƙirji gaba ɗaya, sai ya ɗaga hannu ya ce su tsaya, yau lissafi za a yi. Bayan an tashi ya shiga ofishin hedimasta ya kwaso tsofaffin jaridun da ake tarawa don rufe littattafai. Har a lokacin yana da sauran fata. Yana ganin in ya samu wuri ɗaya tak da aka rubuta these da abu guda, to matar nan ce ba ta san zurfin Turanci ba. Ya bi shafi-shafi da yatsa. These roads. These people. These ministries. Ya koma kan this, ya ga this year, this city, this man. Ya nemi those, ya tarar ba shi da wata alaƙa da dutse ko nisa mai yawa, jam'in that ne kawai. Kwana uku yana wannan aiki bayan tashi daga makaranta, bai samu ko ɗaya da ya goyi bayansa ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne sauƙin abin. Wannan da waɗannan ne, wancan da waɗancan. Akwai wani Bakano mai suna Ɗangoggo da ke zuwa sarin tukwane, wanda kullum in ya ji mutanen ƙauyen sun ce wannan tukwane sai ya yi dariya ya ce waɗannan ake cewa. Malam Silas ya sha jin haka, shi ma ya sha faɗar wannan yara a Hausarsa, bai taɓa kawo wa ransa cewa gyaran da ɗan kasuwa ke yi a bakin rumfa shi ne darasin da ya gagare shi a aji ba. Ya ɗauko rijistar makaranta ya fara duba sunayen waɗanda suka wuce ta hannunsa. Da ya haura ɗari biyar ya rufe.

Sati ya zagayo bai je gidan Larai ba. In ya hango Helen a hanyar rafi sai ya sake hanya. Ranar Lahadi ya zauna a bencin baya, fasto ya aiko a kira shi gaba, shi kuma ya ce kansa ke ciwo. Matarsa Christina ta tambaye shi sau biyu abin da ya faru a Garki, ya ce ba su yi sa'a ba. A karo na uku ta ce masa ta yi shekara ashirin tana wanke masa kwat ɗin nan, ba ta taɓa ganin ya dawo ya jefar da ita a ƙasa ba sai ranar. Ya gaya mata. Ba ta zage shi ba. Ta ce kawai in bai koma ba, ita ba ta san yadda za ta riƙa gaisa da Larai a kasuwa ba.

Ranar Talata ya koma Garki shi kaɗai, ba kwat. Ya zauna a baranda tun ƙarfe tara har bayan azahar, akawun nan na wucewa yana dubansa yana murmushi. Da Madam Rosemary ta samu sarari aka shigar da shi. Ya ajiye wasiƙar da ya rubuta da hannu a kan teburinta, ya ce ta karanta.

Ta karanta, ta ɗago.

"Ƙarya na yi, Madam. Yadda na rubuta haka ta buga. Ta ma ce a gyara, na hana ta."

Madam ta ajiye takardar. Daga baya ta ce abin ya tsaya mata a rai tun ranar, amma ba ta zaci babban mutum zai tsaya a gabanta ya ɗora wa ɗalibarsa laifi ba, shi ya sa ta ɗauki maganarsa. Ta tambaye shi ina ya samo these girl. Ya gaya mata duka, har da waƙar da dafa ƙirji da nuna dutse. Ta fara dariya, sai ta tambayi shekara nawa yana koyar da haka. Da ya faɗa, dariyar ta tsaya.

Ta jawo fayil ɗaya ta ce this file. Ta tara uku ta ce these files. Ta nuna kwali ɗaya a bakin ƙofa, sannan ta nuna jibgin da ke bayansa. Ya ce mata ya riga ya gano, amma ta sa shi ya maimaita, ya kuwa maimaita yana tsaye, 'yan matan nan biyu da aka ɗauka suna jinsa. Game da Helen kuwa, ta ce sunaye sun riga sun tafi sama, ba ta da ikon janye su. Wani sashen zai iso a watan Janairu, yarinyar ta zo a sake gwada ta. Ba ta yi alkawari ba.

Da ya dawo bai biya gida ba, ya wuce wurin da mata ke ginin tukwane a bayan gari. Larai na sunkuye tana zagaya wata randa da ba ta gama ba, tana shafa bakinta da jiƙaƙƙen tsumma. Akwai wasu mata uku a wurin. Ya so ya ce ta zo gefe, sai ya fasa, ya faɗi maganar a gabansu da Gbagyi, tun daga farko har ƙarshe.

Larai ba ta daina zagaya randar ba sai da ta kai inda ta fara. Sannan ta miƙe ta goge hannu a zani.

"Na durƙusa maka," in ji ta. "Na zage ta kana tsaye. Ka ci abincina."

Ya ce haka ne.

Ta ce to, ta ji. Ta koma kan aikinta. Ya tsaya yana jiran ko za ta ƙara wani abu, ko da zagi ne, ba ta ƙara ba. Sauran matan ma ba wadda ta dube shi.

Helen ya same ta tana daka yumɓu a tsakar gida. Ya ba ta haƙuri, ya gaya mata maganar Janairu. Ta saurara har ya gama, ta yi godiya da ladabi kamar yadda ta saba. Ya tambaye ta me ya hana ta fito da takardar a ranar. Ta ce ta sa hannu a ambulan ɗin, sai ta ga yadda akawun nan ke dariya, ta kasa. Da Janairu ta zo ya aika a gaya mata zai raka ta, ta aiko cewa kada ya wahalar da kansa, ta san hanya. An ɗauke ta na wucin gadi, bayan shekara aka tabbatar da ita. Duk lokacin da ta zo gida takan biya ta gaishe shi, har da ɗan sabulu ko sukari, amma ba ta sake tambayarsa komai game da Turanci ba. Larai kuwa sai da aka yi damina biyu kafin ta koma amsa gaisuwarsa da fiye da kalma ɗaya.

A makaranta ya tara aji huɗu da biyar da shida a ƙarƙashin bishiya, ya ce musu waƙar nan ba daidai ba ce, kuma shi ya ƙirƙire ta. Ya ɗaga alli ɗaya, ya ɗaga uku. Yaran suka yi ta dubansa, wasu na dariya don sun ɗauka wasa ne. Gyaran bai zo da sauƙi ba. Watanni bayan haka in ya ce these, sai ya ga hannaye biyu ko uku sun tafi ƙirji da kansu. Iyaye kuma, waɗanda yawancinsu shi ya koyar da su, suka riƙa tare shi a hanya suna tambaya ko gwamnatin da ta zo ce ta canja Turancin. Kowanne sai ya tsaya ya ce masa a'a, Turanci na nan yadda yake, shi ne bai sani ba.

Wata ranar kasuwar Kwali ya je sayen fitila, sai idonsa ya faɗa kan allon wani shagon aski. An rubuta da shuɗin fenti, These shop is open everyday. Ya wuce wurin ya fi sau ɗari bai taɓa ganin komai ba. Mai shagon Justice ne, ɗalibinsa na shekarun farko, yanzu da 'ya'ya uku. Ya fito da almakashi a hannu yana murna, ya ce ai da gangan ya sa these, don masu zuwa su san shagon na kusa da zuciyarsa, kamar yadda Malam ya koya musu.

Malam Silas ya yi masa bayani. Justice ya sosa kai ya ce shekara shida allon na nan, ba wanda ya taɓa fasa aski saboda shi, a bar shi kawai. Malam ya tambaya ko akwai sauran fentin. Aka samo gwangwanin a ƙarƙashin benci, ya bushe rabi, aka zuba masa kananzir aka dama. Ya ajiye fitilarsa, ya hau kan kujerar masu jiran layi, ya fara goge haruffan da tsumma. Mutane suka fara taruwa, masu doya da masu gishiri, ana tambayar me Malam ke yi a sama. Wata mata ta ce ko ya bar koyarwa ne ya koma fenti. Bai juyo ba. Harafin farko ya fito a karkace, ya goge ya sake. Justice ya riƙe masa ƙafar kujerar har ya gama, sannan ya ce tunda ya riga ya hau, akwai na ƙaninsa mai gyaran rediyo a layi na gaba, shi ma haka ya rubuta. Malam Silas ya sauko, ya ɗauki gwangwanin da fitilarsa, ya ce a nuna masa wurin.